Lafiya uwar jiki: Kwalbar albumin, da ranar da tansiyo ya faɗi

Duk macen da ta taɓa zuwa awon ciki a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ta san kalmar albumin. Ungozoma ta karɓi fitsari, ta tsoma ƴar takarda, in launi ya sake sai ta ce akwai albumin, a lura da kumburin ƙafa da hawan jini. Shi ya sa a kunnen yawancin jama'a albumin sunan ciwo ne. To amma akwai wani ɗaki a manyan asibitoci, wanda ake kira reyanimasiyo, inda kalmar nan take fitowa da wata fuska dabam: a rubuce bisa ordonans, a matsayin magani, kuma magani mai tsadar da ke sa ɗan kasuwa ya koma ya duba abin da ya saura cikin shago, ma'aikaci kuma ya shiga lissafin kwanakin da suka rage wata ya mutu. Galibi da dare ake miƙa takardar, majinyaci na kwance bai san inda yake ba, dangi kuwa ba su da wanda za su tambaya ko kwalbar nan ita ce tsakanin rai da mutuwa.

Albumin ɗin ɗaya ne a wuraren biyu. Sinadari ne da hanta ke yi kullum, dangin farin ƙwai, shi ya sa ma sunansa ya fito daga kalmar Latin mai nufin fari. Cikin lita ɗaya ta ruwan jinin mai lafiya akan samu giram 35 zuwa 50. Babban aikinsa riƙe ruwa cikin jijiya. Wajen kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da ke hana ruwan jini tsiyayewa zuwa cikin nama, nasa ne. In ya fito cikin fitsarin mai ciki, ƙoda ce ke yoyo. In ya yi ƙaranci cikin jini, sai ƙafa da ciki su kumbura.

Ciwon da ya fi jawo maganarsa a ɗakin reyanimasiyo shi ne wanda likitoci ke kira shok septik. Mafarinsa ba baƙo ba ne ga kowa: taifot da ta huda hanji, zazzaɓin bayan haihuwa, ciwon huhu, sanƙarau, gyambon mai ciwon sukari, ko fitsarin da ya toshe ya ruɓe. Ƙwayar cuta ta yi ƙarfi, jiki ya tashi yaƙarta, sai yaƙin ya wuce gona da iri har ya koma yana ɓarna a gida. Wannan shi ne septisemi. Lissafin da mujallar likitoci The Lancet ta buga a 2020 ya nuna cewa a shekarar 2017 kaɗai mutum wajen miliyan 49 suka kamu da shi, miliyan 11 suka mutu, wato kusan mutuwa ɗaya cikin kowace biyar a duniya, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin yankunan da abin ya fi tsanani. In kuwa ya kai matakin shok, wato tansiyo ya faɗi ya ƙi tashi ko bayan an ƙara ruwa, to ko a asibitocin ƙasashe masu hali fiye da mutum 40 cikin 100 ba su fita da rai.

Mai noman rani a Ƙonni ko Jiratawa zai fi kowa saurin gane abin da ke faruwa. Zuciya ita ce injin ban-ruwa, jijiyoyi su ne tiyo. A cikin shok septik injin yakan ci gaba da bugawa, har ma da sauri, amma tiyon ne ya saki, ya yi faɗi, kuma ya huhhuje. Ruwan da ya kamata ya isa ƙarshen fage sai ya tsiyaye a hanya. Fagen farko da ke bushewa shi ne ƙoda, fitsari ya ɗauke. Ƙwaƙwalwa ta bi baya, majinyaci ya shiga sambatu ko magagi. Ruwan da ya tsiyaye kuwa ba ɓacewa yake yi ba, cikin nama yake taruwa, mafi muni cikin huhu.

A nan ya kamata mai karatu ya san wata ƙidaya. An saba jin lokotoro ya ce tansiyo 12/8 ne, wato 120 bisa 80. A ɗakin reyanimasiyo ba waɗannan biyun ake zura wa ido ba, matsakaicinsu ake dubawa: a ninka na ƙasa sau biyu, a tara da na sama, a raba uku. Mai 12/8 yana da 93. Mai 9/5 yana da 63. Mai 8/4 ya sauka zuwa 53. Iyakar da likitocin duniya suka amince da ita 65 ce. Ƙasa da haka ƙoda da ƙwaƙwalwa na cikin hatsari. Wani zai ce, in 65 na da kyau ai 85 ta fi. An gwada. A Faransa, a wani bincike da aka buga a 2014 ƙarƙashin jagorancin Pierre Asfar na asibitin Angers, an raba majinyata 776 gida biyu, wasu aka nufi 65 zuwa 70, wasu 80 zuwa 85. Yawan mutuwa bai bambanta ba, sai dai waɗanda aka tura tansiyonsu sama sun fi samun rikicewar bugun zuciya. Masu tsohon hawan jini kaɗai suka ɗan amfana ta wajen ƙoda. Ke nan dangin da suka ga 9/6 a kan allo suna ta ƙorafin tansiyo bai dawo daidai ba, su sani mai yiwuwa lokotoro da gangan ya tsaya nan.

Hanya biyu ce ta tayar da tansiyon da ya faɗi: a cika tiyo, ko a matse shi. Cikawa ita ce ƙarin ruwa, serom ɗin nan da kowa ya sani, ruwan gishiri ko wanda ake kira Ringer. Yana da araha, yana ko'ina, amma yana da aibi ɗaya: ba ya zama. Bayan ɗan lokaci mafi yawansa ya fice daga jijiya ya shiga nama. Daga nan tunanin albumin ya samo tushe. Tun da shi ne mai riƙe ruwa, kuma mai septisemi nasa ya ragu, me zai hana a ɗura masa na wani?

Tunanin ya tsufa. A lokacin yaƙin duniya na biyu ne Edwin Cohn na jami'ar Harvard, a Amurka, ya gano hanyar tace albumin daga ruwan jinin mutum, kuma a watan Disamba na 1941 aka ɗura shi ga wasu sojojin ruwa da suka ƙone a harin Pearl Harbor. Har yau daga jinin mutane ake tace shi, a dafa shi awa 10 a zafin digiri 60 domin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙaramar kwalba mai mililita 100, wadda ake rubuta wa 20 bisa 100, tana ɗauke da giram 20, kuma kafin a same ta sai an tace ruwan jinin da ya kai na masu ba da jini uku ko huɗu. Ba a yin wannan aiki a Nijar, daga waje ake kawo shi. Kuɗin kwalba ɗaya ya ninka na serom sau gomomi, kuma kwalba ɗaya ba ta cika isa ba.

Fiye da shekara 50 likitoci suna ɗura shi bisa yarda da hujjar hankali, ba tare da an auna ko yana ceton rai ba. A watan Yuli na 1998 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 30 da aka yi kan majinyata 1419, ta buga a wata mujallar likitoci ta Ingila cewa ga alama albumin na ƙara kashe mutum ɗaya cikin kowane 17 da aka ba. Hankali ya tashi, amfani da shi a Ingila ya faɗi warwas. To amma gwaje-gwajen da aka tara ƙanana ne, wasu tsofaffi, saboda haka likitocin Ostareliya da Niyu Zilan suka ɗaura niyyar raba gardama. Binciken nasu, mai suna SAFE, ya fito a 2004: majinyata 6997 a ɗakunan reyanimasiyo 16, rabi albumin, rabi ruwan gishiri, kuma lokotoro da kansa bai san wanne yake ɗurawa ba. Bayan kwana 28, an rasa 726 a ɓangaren albumin, 729 a ɓangaren gishiri. Mutum uku ne bambancin, cikin kusan dubu bakwai. Albumin bai kashe ba, bai kuma ceta ba. Wani abin mamaki, littattafai sun daɗe suna koyar da cewa lita ɗaya ta albumin na yin aikin lita uku ko huɗu na serom, amma a zahiri sai aka tarar 1 ne bisa 1,4. Dalili kuwa a fili yake: tiyon da ya huje ba ya riƙe albumin ɗin ma.

Abu biyu suka fito daga gefen wannan bincike. Na farko gargaɗi ne: masu rauni a ka, irin na hatsarin mota da babur, albumin cutar da su ya yi, bayan shekara biyu an rasa 33 cikin 100 na waɗanda aka ba shi, 20 cikin 100 na waɗanda aka ba gishiri. Na biyu ɗan haske ne: cikin masu septisemi mai tsanani, mutuwa ta kasance 31 cikin 100 da albumin, 35 da gishiri. Tazarar ba ta kai a rantse a kanta ba, amma ta isa a sake gwadawa.

Italiyawa suka ɗauki aikin. Binciken ALBIOS na 2014, wanda Pietro Caironi da Luciano Gattinoni suka jagoranta, ya haɗa majinyata 1818 a ɗakuna 100. Ɓangare ɗaya serom kaɗai, ɗayan serom da albumin kullum har ma'auninsa cikin jini ya kai giram 30. A nan ne maganar tansiyo ta fito sarai: waɗanda aka ba albumin tansiyonsu ya ɗan ɗara na sauran a makon farko, ruwan da ya taru a jikinsu bai kai na sauran ba, kuma an riga cire musu maganin matse jijiya da wajen kwana ɗaya. Duk wannan gaskiya ne. Amma da aka ƙidaya gawa bayan kwana 28, sai ga 31,8 cikin 100 a nan, 32 a can. Bayan an gama ne masu binciken suka ware majinyata 1121 da ke cikin shok sosai, suka ga a kwana 90 an rasa 43,6 cikin 100 da albumin, 49,9 ba shi. Wannan adadi shi ne masu son albumin ke ɗagawa har yau. Sai dai duk ɗan kasuwa ya san cinikin da aka zauna aka zaɓo ranakun riba bayan wata ya ƙare ba shi ne lissafin shago ba. Adadin da aka tono bayan an ga sakamako shawara ce ta a sake bincike, bai zama hujja ba.

Bisa wannan ne ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin reyanimasiyo na Turai da Amurka suka fitar a 2021 suka ce serom ne farko, albumin kuwa ana iya ƙara shi ga wanda ya riga ya sha serom mai yawa, kuma suka bayyana da kansu cewa shawara ce mai rauni. Wani ruwan da aka taɓa tallatawa a matsayin albumin na talaka, wanda ake yi da amidon, shi kam an yi watsi da shi: a wani gwaji na ƙasashen arewacin Turai a 2012 an rasa 51 cikin 100 da shi, 43 da Ringer, ga lalata ƙoda. In sunansa ya fito a ordonans ɗin mai septisemi, akwai dalilin tambaya.

Duk waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a ɗakunan da kowane gado ke da injin numfashi a gefensa. Abin da ya fi shafar mai karatu na Tasawa ko Madawa an gano shi ne a gabashin Afirka. A asibitoci shida na Yuganda, Kenya da Tanzaniya, wata likita mai suna Kathryn Maitland da abokan aikinta sun bi yara 3141 da aka kawo da zazzaɓi mai tsanani da alamun jini ba ya zagayawa sosai. Fiye da rabinsu zazzaɓin cizon sauro ne da su, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma jininsu ya ƙare ƙwarai. An raba su uku: wasu aka ɗura musu albumin da sauri, wasu ruwan gishiri da sauri, wasu kuma aka bar su da ɗigon ruwa a hankali tare da sauran magunguna. Kowa ya ɗauka tambayar ita ce tsakanin albumin da gishiri wanne ya fi. A watan Janairu na 2011 aka tsayar da binciken kafin wa'adinsa. Cikin awa 48, an rasa 10,6 cikin 100 na yaran albumin, 10,5 na yaran gishiri, 7,3 na waɗanda ba a yi wa ɗurin gaggawa ba. Abin da ya fi ɗaure kai, yaran da aka ɗura wa ruwan sukan nuna sauƙi a awar farko, idon ma'aikaci ya ga jiki ya yi ɗumi, jijiya ta cika, daga baya zuciya ta kasa. A 2016 ƙungiyar lafiya ta duniya OMS ta gyara ƙa'idarta, ta taƙaita ɗurin gaggawa ga yaran da alamun shok suka cika a kansu.

Kada a juya maganar nan. Binciken bai haɗa da masu zawo da amai ba. Yaron da kwalara ko gudawa ta tsotse, ruwa ne maganinsa, kuma da sauri.

Ga manya ma an ga irin haka. A babban asibitin Lusaka, ƙasar Zambiya, an gwada tsarin ƙasashe masu hali kan majinyata 209, mafi yawansu masu ɗauke da ƙwayar SIDA. Waɗanda aka ba wajen lita uku da rabi cikin awa shida an rasa 48 cikin 100. Waɗanda aka bi da su yadda aka saba, da wajen lita biyu, an rasa 33. An buga wannan a 2017. Inda babu injin da zai tallafi huhun da ya cika da ruwa, ƙarin ruwa ba shi da arahar da ake zato. Wannan ya kamata ya shiga kunnen jama'ar da ke ganin in ba a rataya wa majinyaci serom ba, to ba a kula da shi ba, har a kira wani ya zo gida ya rataya leda biyu a ƙusar bango.

Saura hanya ta biyu, matse tiyo. Maganinta na farko noradrenalin ne, wanda ake ɗigawa cikin jijiya dare da rana, ana ƙarawa ana ragewa bisa awon tansiyo. Da can dopamin aka fi amfani da shi. Wani gwaji na Turai kan majinyata 1679 a 2010 ya nuna yana rikita bugun zuciya ga 24 cikin 100, noradrenalin kuwa ga 12. An daɗe ana cewa ba a sa noradrenalin sai ta babbar jijiyar wuya ko ƙirji, abin da ke bukatar ƙwararre da kayan aiki, har majinyaci ya yi awoyi yana jira. Ƙa'idojin 2021 sun yarda a fara shi ta jijiyar hannu mai kyau, daga gwiwar hannu zuwa sama, na ɗan lokaci, muddin ana lura kada ya zube cikin nama, domin yana kashe fata. Shi kansa maganin bai kai albumin tsada ba. Abin da yake bukata shi ne sirinji mai aiki da lantarki, batirin da zai riƙe shi in wuta ta ɗauke, da ma'aikacin jinya wanda gadajen da ke hannunsa ba su fi ƙarfinsa ba. Ma'aikatan da ke rubuta kasafin asibitoci, da masu sa hannu a takardun sayen kaya, a nan ne kuɗi ya fi haihuwa: sirinji ɗaya zai yi wa ɗaruruwan mutane aiki, kwalbar albumin kuwa cikin awa ɗaya ko biyu ta ƙare a jikin mutum guda.

Ruwa da noradrenalin duk tokara ce, ba su kashe ƙwayar cuta. Mai kashe ta antibiyotik ne, wanda ƙa'ida ta ce a sa shi cikin awar farko ga mai shok, sai kuma cire tushen ciwon: a ɗinke hanjin da ya huje, a wanke mahaifa, a fasa ƙurji a fitar da mugunya. A nan ne ake yawan asarar rai ba tare da kowa ya lura ba. Tun ranar 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa ya tashi daga 50 zuwa 100, jama'a suka saba da cewa magani na waje sai an yi karo-karo. Majinyaci ya kwana uku a gida ana gwada maganin tebur, ya yini a hanya, ya iso asibiti, sannan dangi su watsu neman kuɗi. In ordonans ɗin na ɗauke da abu shida, kuma albumin ya cinye fiye da rabin jimlar, sau da yawa akan riƙe takardar gaba ɗaya har kuɗin su cika, alhali antibiyotik ɗin da ke layi na biyu ana iya sayensa nan take da abin da ke cikin aljihu. Ba rashin kunya ba ne babban wa ko mijin majinyaciya ya ce wa lokotoro, ranka ya daɗe, ga abin da ke hannu yanzu, wanne za a fara kawowa? Lokotoron kirki zai jera su bisa gaggawa, kuma da wuya albumin ya zo farko. In kuma ya ce majinyacin ya riga ya sha lita da yawa, ya kumbura, tansiyo bai tsaya ba, shi ya sa yake son albumin, to hujjarsa na kan hanya, kuma mai hali ya saya.

Akwai dai wurin da kwalbar nan ta tabbatar da kanta, kuma ya shafi ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a cikinta. Mai tsohon ciwon hanta wanda cikinsa ya tara ruwa, in ƙwayar cuta ta shiga ruwan nan, ƙodarsa na saurin tsayawa. A 1999 likitocin Ispaniya sun gwada kan irin waɗannan majinyata 126: waɗanda aka ba antibiyotik kaɗai an rasa 29 cikin 100 a asibiti, waɗanda aka haɗa musu da albumin an rasa 10. Haka kuma in za a zuƙe wa irin wannan majinyaci ruwan ciki fiye da lita biyar a zama ɗaya, ana mayar masa da giram 6 zuwa 8 na albumin a kan kowace lita da aka cire.